Daga katifar gwauro zuwa tukunyar gidan Alhaji: yadda matakan rayuwar iyali ke juya sayayya a Yamai

Ɗan kasuwar da ya daɗe a Babbar Kasuwar Yamai ba sai an gaya masa halin da gidan mai saye ke ciki ba. Abin da mutum ya ɗaga ya tambayi kuɗinsa ya isa. Wanda ya tsaya kan butar shayi da ƙananan kofuna da ƴar fanka, ɗakinsa ɗaya ne kuma babu mace a ciki. Hajiyar da ta zo da ƙanwarta da aminiyarta suna ƙirga kuloli saiti-saiti, suna cewa a ajiye musu zuwa watan gobe, aure ne ya matso. Mai neman bahon roba da hoda da katan ɗin sabulu, an sauka a gidansa ko ana gab da sauka.

Masana harkar kasuwanci sun daɗe da mayar da wannan sani darasi. A 1966 wasu Amurkawa biyu, William Wells da George Gubar, suka fitar da tsarin da har yau ake koyarwa a makarantun kasuwanci. Sun ce in kana son sanin abin da gida zai saya, shekarun maigida da albashinsa kaɗai ba za su gaya maka ba, sai ka duba matakin da iyalin suke. Suka jera matakan: saurayi ko budurwa mai zaman kansa, sabbin ma'aurata, gida mai ƙananan yara, gida mai manyan yara, sai lokacin da yara suka watse aka bar tsoho da tsohuwa, wanda suka kira sheƙar da ta zama wayam, daga ƙarshe wanda abokin zamansa ya rasu ya rage shi kaɗai. Tushen maganar gaskiya ne, kuma duk mai tebur a unguwar Bukoki zai yarda da shi. Sai dai a kan gidan Ba'amurke na wancan zamani aka gina tsarin: miji ɗaya, mata ɗaya, yara biyu ko uku da ke barin gida da sun girma, aljihu ɗaya, kuma wanda ya sayi kaya shi ke amfani da su. A Yamai kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tsaya daidai. A nan tambayar da ta fi amfani ita ce baki nawa ke ci daga tukunyar gidan, kuma daga aljihun wa kuɗin kowane kaya ke fitowa.

Alƙaluma sun nuna dalili. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya a Nijar, sama da miliyan ɗaya a Yamai, kuma kusan rabin jama'ar ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Binciken lafiyar iyali na wannan shekarar ya nuna mace ɗaya na haihuwar yara 7.6 a matsakaici, a birane 5.6. Binciken 2021 ya nuna an sauko zuwa 6.2. Matar da ta yi haihuwar fari kafin ta cika ashirin, ta yi auta tana dab da arba'in, za ta iya ɗaurin auren babbar ƴarta da sunan autarta a shekara guda. Matakan da littafi ya jera ɗaya bayan ɗaya, a gidanta tare suke zuwa.

Matakin gwauro ba shi da tsawon bayani. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni a Harobanda, ko saurayin Adar da ya zo bida ya kama ɗaki ɗaya a Zongo ko Lazare tare da abokai, kayansa katifa ko tabarma, fanka, bokiti, waya, in hali ya samu moto. Tukunya ba ta cikin lissafi. Karin kumallo wurin mai shayi, rana wurin mai shinkafa da wake, dare a fada ana zuba shayi har na uku. Mai sayar da kayan gida zai ɗauka ba shi da ciniki da wannan yaro, alhali kuɗinsa na sayen kayan gida, sai dai ba a Yamai ba. Ƙarshen wata yana layin kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, kuɗin su sauka Illela ko Buza ko Keita su zama hatsi da sabulu da kwanon rufi. Ita kuwa budurwa, galibi ba ta da wannan mataki ko kaɗan, daga ɗakin uwarta sai ɗakin miji. Binciken 2012 ya ce kashi 76 cikin ɗari na matan ƙasar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su kai 18. A Yamai karatu na jinkirta abin, kuma budurwar da ta fara aiki ko sana'a tana gidan iyaye, abin da take saye ta ɓoye ƙarƙashin gadon inna kayan ɗakinta ne na gaba.

Aure shi ne babbar kasuwa. Mafi yawan kayan da mace za ta yi shekara goma ko ashirin tana amfani da su, a mako ɗaya suke shiga ɗakinta, kuma ba ita ko mijinta suka biya ba. Ango nasa sadaki ne da akwatunan lefe, da kama gida, da fenti, wataƙila telebijin da fanka. Gado, katifa, armuwar, kujeru, labule, kafet, kwanuka, tukwane, kuloli, murhun gas, firji in da hali, da garar da za a bi ta da ita, shinkafa da taliya da mai da sukari da kayan yaji, duk daga ɓangaren amarya suke. Uba na ɗaukar kayan katako in yana da ƙarfi, amma nauyin gaske a wuyan uwa yake, kuma ba ranar da aka sa rana take farawa ba. Tun yarinya na firamare take sayen kwano ɗaya yau, bargo ɗaya baɗi. Tana cikin adashi biyu ko uku, tana zuwa foyandin unguwa, wato taron mata na zumunci da tara kuɗi, tana kai biki gidan duk ƙawar da ta aurar ko ta haihu, kowane kuma a rubuce yake, a takarda ko a ka, domin ranar nata za a maido mata, sau da yawa da ƙari. Tsarin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da yawa, a kan wannan tsohuwar ɗabi'a ta tara kuɗi tsakanin mata ya zauna.

Kayan sun sauya da zamani. Kakanninmu ƙorai da faifai da tasa aka jera musu. Iyayenmu suka samu kwalla da samira da langa, jere har rufin ɗaki. Yanzu tangaran ne da gilashi da kuloli ƴan China da Dubai, da saitin gado da ake kira ɗan Turkiyya ko da kafintan kasuwar Katako ne ya haɗa shi. Abin da bai sauya ba shi ne yawancinsu ba don amfani ake sayensu ba. Mutum biyu ba sa cin abinci a kula goma sha biyu. Ana sayen su ne don ranar jere, lokacin da dangin ango za su shigo suna guɗa suna duba kowane lungu, kuma abin da suka gani shi za a yi ta faɗi a dangi. Shi ya sa ake auna gado da martabar gidan su amarya, ba da faɗin ɗakin da aka kama ba, har a kai ga kafinta ya kwance ƙofar shambur-salon kafin armuwar ta shiga, ko a mayar da kujera ɗaya gidan inna don babu wurin ajiye ta.

Malamai na wa'azi a kan wannan, kuma suna da hujja, domin akwai uwayen da ke shekara biyu suna biyan bashin mako ɗaya. Amma ni ban yarda cewa fariya ce zalla ba. Kayan ɗaki su ne dukiyar da ba a jayayya da mace a kanta. Gida na miji ne ko na mai haya, moto na miji ne, amma gado da kwanuka nata ne. In aure ya mutu da su take fita, in miji ya rasu ba a sa su cikin gado, in rashin lafiya ta zo dare ɗaya dillaliya na iya mayar da saitin kula kuɗi kafin azahar. Uwa ajiya take yi wa ƴarta. Inda lissafin ya fara karkacewa shi ne ingancin ajiyar. Tasar da ta yi shekara talatin tana da masu saye, amma katakon zamani na garin itace da aka matse, damina ɗaya a ɗakin da ke yoyo ta isa ta kumbura shi, kuma dillaliya ba za ta taya ko kusa da kuɗin da aka saye shi ba. Wasu iyayen sun gane, suna rage jere su sa sauran a zinariya ko keken ɗinki ko fili a bayan gari.

Tsarin Amurkawan nan ya ce sabbin ma'aurata su suka fi kowa sayen kaya masu daɗewa. A nan watannin farko ango kusan ba ya sayen komai sai nama da kayan miya, gara ake ci. Matakin ma gajere ne. Kafin shekara ta zagayo galibi an samu ciki, kuma tun kafin nan an turo ƙanwar amarya ta taya ta zama, ko ƙanin ango ya zo daga ƙauye shiga koleji.

Haihuwar fari na kawo wani irin kashe kuɗi na kwana arba'in. Ragon suna daga kasuwar dabbobi ta Turaku ranar bakwai, goro da dabino, abincin taro, atamfar mai jego. In an bi al'ada ta koma gida wankan jego, itacen dafa ruwa safe da yamma kaɗai abin lissafi ne, ga kunun kanwa ga nama. A ɗaya gefen kuma kaya ke shigowa: ƴan barka na kawo sabulu da omo da zannuwa da rigunan jariri, har gidan ya yi watanni bai sayi sabulu ba. Tun 2006 hukuma ta ce duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ko da yake duk uba ya san takardar magani kan ƙare a farmasi. Ɗan fari shi ke samun sabon baho, sabon sange, sabon gadon jariri. Na uku gada yake yi, kuma bahon nan zai zaga gidan ƙanwa da na ƴar'uwa kafin ya fashe. Mai sayar da kayan jarirai da ya ƙirga yawan haihuwar ƙasar nan ya ɗauka kowane jariri ciniki ne, zai daɗe yana kaɗe ƙura a kan hajarsa. Abin da ke tafiya kullum shi ne mai ƙarewa: kush, wato ƙunzugun jariri na zamani, da madara, hoda, sabulu. Kush ɗin ma a gidaje da yawa na fita unguwa ne da dare, da rana tsumma da wanki.

Daga yaro na uku zuwa sama gida ya shiga matakin da ya fi kowane tsawo, shekara ashirin ko fiye, kuma nan ne sayayya ke komawa ta ciki. Tun 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura cewa gwargwadon ƙarancin abin hannun iyali, gwargwadon girman kason da abinci ke cinyewa. Ƙarin baki a kan albashin da bai motsa ba daidai yake da ragin albashi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tsaya a sefa 30,047 tun 2012, sai a Janairun 2024 ya koma 42,000, wato sefa 1,400 a rana, kuma mafi yawan magidantan Yamai ba ma albashi suke ɗauka ba, abin da rana ta bayar shi ake ci.

Aljihun gidan biyu ne, ko fiye. Maigida mai albashi, da an biya, zai sauke buhun shinkafa mai kilo 25 ko 50, buhun masara, jarkar mai, ya biya haya da kuɗin wutar NIGELEC da ruwa. Sannan kullum da safe ya ajiye kuɗin cefane. Kuɗin nan ba kasafai suke bin farashin kasuwa ba, jika ɗayan da ake bayarwa ana da yara biyu ita ake bayarwa ana da biyar, kuma uwargida ce ke cike giɓin daga cinikin ƙanƙara ko ƙosai ko kitso, ba tare da kowa ya rubuta ba. Duk binciken da ya tambayi maigida kaɗai nawa gidansa ke kashewa, rabin labari ya ji.

Tsaya bakin butik ɗin unguwa a Talaje da ƙarfe bakwai na safe ka gani. Manyan masu sayayya ba su kai shekara goma ba. Yarinya ta miƙo hannu da tsaba a dunƙule, tana haddace saƙo kada ya zube: “Baba mai butik, Inna ta ce omo na dala goma, sukari na dala ashirin, magi biyu, mai na dala talatin, wai sauran a rubuta.” Shi kuma ya jawo ƙullin leda daga igiya, ya tsiyaya mai daga jarka da ƙaramin ludayi, ya buɗe wani kaye da ya sha maiƙo ya ƙara layi a shafin gidansu. Wane kamfani ya yi omon, yarinya ba ta tambaya ba, Inna ma ba ta faɗa ba. Wanda ke rataye a igiya shi ne zaɓi. Kamfanin da ke kashe kuɗi a allon talla a bakin babban titi, da ya san wannan, da mai butik ya fi lallashi.

Kowa ya san ƙulli-ƙulli ya fi tsada in aka tara. Wanda ya sayi omo na dala goma sau talatin ya biya fiye da wanda ya ɗauki babbar leda sau ɗaya, kuma ana yawan cewa talauci ne kawai ke sa haka. Talauci na ciki, amma akwai matan da ke da kuɗin katan kuma da gangan ba sa saye. A gidan mutum goma sha biyu, abin da ido ya gani a buɗe ba ya kwana. Katan ɗin sabulu da aka yi niyyar wata biyu, yaran gida za su bar shi cikin ruwa, ƴar aiki ta wanke da hannu sake, maƙwabciya ta aiko a sam mata ɗaya, kuma ba a hana maƙwabciya abin da ta san akwai. Ƙullin safe shi ne awon ranar, in ya ƙare ya ƙare, ba wanda zai ce an yi masa rowa. Gidan da ke sayen buhu kuwa, tare da buhun ake sayen kwaɗo, kuma makullin na ɗaure a bakin zanen uwargida.

Makamashin girki ma na bin girman tukunya. Bayan buɗe matatar man fetur ta SORAZ a Damagaram a ƙarshen 2011, hukuma ta tsayar da cikon tukunyar gas mai kilo 6 a sefa 1,800, mai kilo 12.5 a 3,750, kuma gas ya shiga gidajen Yamai sosai. Amarya da gas take farawa, don yana cikin kayan ɗakinta. Shekara goma bayan nan za ka same ta a tsakar gida gaban murhun itace ko gawayi, ba don ta koma baya ba. Tukunyar da ke ciyar da mutum goma sha biyar ba ta zama a kan ɗan murhun kilo 6, kuma tuƙin tuwon masara na son abin da ba zai gusa ba in an sa muciya da ƙarfi. Gas ya koma na shayi, ɗumame da ruwan wankan ƴan lakwal. Tukunyar kanta daga Katako take, inda maƙera ke narka gwangwanaye da tsofaffin sassan mota na alminiyom su zuba a ƙasa mai siffa. Tukwanen kanti masu murfin gilashi da aka jera ranar aure suna nan cikin armuwar, ba su taɓa ganin wuta ba.

Babban kaya ɗaya da ake saye a wannan mataki shi ne firiza, kuma jari ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, ballantana in azumi ya faɗo ciki, ƙanƙara da zoɓo da lemun citta na iya riƙe cefanen gida. Shi ya sa yanke wuta ba zafi kaɗai yake jawowa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar da ke ba ƙasar kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da take amfani da shi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Wahalar ba ta faɗa wa kowane gida daidai ba. Gwauro ya rage shayi. Mai shirin aurar da ƴa ya ɗaga rana ko ya rage jere. Gida mai ƙananan yara da yawa, wanda ba shi da abin ɗagawa, shi ya cire madara da nama, ya mayar da shinkafar rana dambu ko garin rogo. A lokacin ne kuma fitila da fanka masu caji da ƙananan faifan sola suka shiga jerin kayan da ba a zama babu su.

Ga kuma kalanda. Komawa lakwal a Oktoba, da kaye da jaka da kuɗin makaranta. Sukarin azumi da ake kai wa surukai. Ɗinkin ƙaramar salla na kowane yaro. Ragon layya, da itacen da za a jera raguna a gasa su a bakin titi yadda Yamai ta saba, da man suyar washegari. Tunda watannin Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, akwai shekarun da salla da komawa makaranta ke haɗuwa a albashi ɗaya. Katifar da ta lotsa da kujerar da ta yage sai su jira. Da yara sun fara balaga kuma dole a raba wa maza da mata ɗaki, sai hankalin maigida ya koma kan fili a gefen gari, kuma daga ranar buhun siminti ya zama kishiyar duk wani kayan gida. Iyalin da suka tare a ginin da ba a gama ba, inda famfo bai iso ba, sayayyarsu ta farko jarkoki ne da tano, da cinikin ƴan ga-ruwa.

Sai kuma abin da tsarin 1966 bai san da shi ba sam. A binciken 2012, kashi 36 cikin ɗari na matan aure a Nijar suna zaune da kishiya. Ranar da maigida mai shekara arba'in da biyar ya ƙara aure, ya koma matakin ango yana kuma uban ƴan makaranta, wataƙila kaka ne ma. Sabon lefe, kayan faɗar kishiya, sabon jere daga wata uwar. Uwargida kuma ba za ta zauna da labulen shekara goma sha biyar ana jera sabo a ɗakin da ke kallon nata ba, kwasar adashinta ta gaba can za ta tafi. Daga nan duk abin da maigida zai shigo da shi biyu ne, fanka biyu, atamfa biyu iri ɗaya ko a kalla kuɗi ɗaya, in yana son barci. Tukwane ma ba a haɗawa, kowace da nata ranar girkinta. Mutuwar aure kuwa na juya abin ta ɗaya gefen. Mota ta zo ta kwashe kaya, namiji ya wayi gari a ɗaki wayam yana neman katifa da bokiti kamar yana ɗan ashirin da biyar, ita kuma ta jibge kaya gidan iyaye, wasu su lalace, wasu su bi dillalai. In ta sake aure da su za ta tare, a ɗan yi ciko. Kasuwar kayan hannu ta unguwanni daga nan take samun haja mai yawa.

Sheƙar da ake cewa tana zama wayam, a Yamai cika take ƙara yi. Dattijon da ya gina gida a babban birni ya zama masaukin dangi gaba ɗaya: ɗalibai, marar lafiyar da aka turo babban asibiti da masu jinyarsa, mai jiran takarda, ƴar da aurenta ya mutu da yaranta, jikan da aka kawo yaye bai koma ba, da ƴan'uwan da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Tillaberi ko arewacin Tahoua. Ritaya ta rage abin shiga, baki bai ragu ba. Buhun da ke wata ɗaya a da, yanzu kwana goma sha biyar ne. Sai dai mai biya ya sauya. Ɗa a Abidjan, ƴa ma'aikaciya a Plateau, wani a Libiya, su ke turo kuɗi, kuma su ke yanke shawara ta waya: a sa wa Baba na'urar sanyaya ɗaki, a canza wa Inna masai zuwa na zama saboda gwiwa, a sayi abin awon hawan jini, a ɗora sola. Tsohon da kayan ke ɗakinsa sau da yawa bai nema ba, wani lokaci ma faɗa yake yi an ɓata kuɗi. Abin da shi ke sa wa rai kujerar Makka ce, ita kuma Hajiya ta fara rabon kwanukanta na da ga jikoki mata. A garuruwan Adar, inda maza ke tafiya bida su yi shekara ko fiye, wannan tsari tun farkon aure yake farawa: kuɗi na zuwa hannun uwar miji ko wansa, su ke auna wa matarsa hatsi da sabulu, kuma manyan sayayya na jiran dawowarsa gab da damina.

Akwai sauyi, ba a musu. A unguwanni irin su Kwara Kano da Niamey 2000 ana samun miji da mata duka ma'aikata, yara uku, sayayyar wata a babban kanti, kusa da abin da littafi ya zana. Amarya ta yau kuma ba ta jiran ranar jere ta ga abin da aka zaɓa mata. Tana turo wa uwarta hoto daga masu talla a WhatsApp da Facebook, tana cewa, “Inna, don Allah a rage kulolin nan a saya mini injin wanki.” Inna ta ce injin wanki ba ya cika ɗaki, me dangin miji za su gani. Sau da yawa ba ɗayansu ke raba gardamar ba, gidan da ango ya kama ne. In gidan haya ne mai ɗakuna a jere da mita ɗaya, kuɗin wuta rabawa ake yi bisa yawan ƙwan fitila da kayan wutar kowane ɗaki, famfo kuma ɗaya ne a tsakar gida, wani lokaci sai tsakar dare yake kawo ruwa. Firji kaɗai kan jawo zaman sulhu da maƙwabta a ƙarshen wata, balle injin da ke shan wuta da ruwa tare. Amare da yawa injin nasu na cikin kwalinsa a gidan inna, yana jiran ranar da za a tare a gidan kai.